Gwangwani Na Huɗu

Shekarata ta biyu ke nan a kolej ɗin Tanut aka kawo mana sabon malamin kimiyya. Ƙauyenmu na cikin ƙasar Gangara, kuma a lokacin duk yaron da ya gama ƙaramar lakwal, wato firamare, sai dai ya shigo gari. Ni Baba ya kawo ni wajen ƙanwarsa, Gwaggo, wadda ke sayar da ƙosai da kunu a bakin tasha. A ɗakinta nake kwana, ni ke surfa mata wake in wanke, in kai niƙa kafin in ɗauki jakata.

Ni ce ta farko a ajinmu, kuma na san abin da ya sa. Allah ya ba ni hadda. Malami ya tsaya ya yi ta faɗa muna rubutawa, ni kuwa in na dawo gida sai in jingina kaye, littafin rubutuna, jikin turmi, ina surfe ina maimaitawa. Ranar jarrabawa in juye masa abinsa yadda ya ba ni, ko ɗigo ban zubar ba. Ban taɓa tunanin akwai wani abu da ake kira karatu bayan wannan ba.

Sabon malamin gajere ne siriri, da tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Mutumin wajen Maradi ne, Kirista, kuma Hausarsa ta yamma takan sa mu rufe baki muna dariya a kwanakin farko. Yana da keke da ya ɗaura wa akwatin katako a baya, cike da kwalabe da tsofaffin batura da igiyoyi da fasasshen madubi. Duk malamai Mushe muke ce musu, wato malam da Faransanci, amma in aka ce Mushen tarkace kowa ya san wanda ake nufi.

Ranar da ya fara shigowa ajinmu, mun buɗe kaye mun riƙe biro muna jira. Bai taɓa alli ba. Ya ce mu rufe, kowa ya yagi ƴar takarda ya rubuta tambaya ɗaya, abin da ya daɗe yana son ya sani. Muka yi ta kallon juna. Ya samu gefen benci ya zauna, ya ce shi ba ya sauri.

Na rubuta wata tambaya daga darasin bara, a kan sassan fure, da Faransanci mai tsabta. Da ya zo kan tawa ya karanta, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Kin san amsarta?"

"Na sani, Mushe."

"To ai ba tambaya ba ce. Riƙe abarki, ki nemo mini wadda ba ki sani ba."

Ba a taɓa mayar mini da takarda ba sai ran nan.

A bencin ƙarshe akwai wata yarinya doguwa mai yawan shiru, ƴar makiyaya daga wajen Belbeji. Tamajak ne harshenta na gida, Hausarta da sauƙi, Faransanci kuwa ya ƙi ta ƙememe. Kullum tana can ƙasan jeri in an karanta sakamako. Ƴar Belbeji muke ce mata. Tata takardar Mushe ya kasa gane ta, sai ya ce ta tashi ta faɗa da baki. Ta fara haɗa kalmomi tana tuntuɓe, aji ya ɗauki dariya. Ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Faɗi da Hausa. In ta gagara ki faɗa da harshen gida, akwai mai fassara mana. Faransancin ma nemo shi daga baya."

Yin Hausa cikin aji laifi ne a lokacin, don haka sai da ta waiga wajen ƙofa. Sannan ta ce tana son ta san abin da ya sa akuya da raƙumi ke tuƙa in sun kwanta, jaki kuwa ba ya yi, alhali duk ciyawa ɗaya suke ci.

Mako na gaba sai ga Mushe da bokiti a bayan keke, ya biyo ta kwata ya sayo cikin akuya sukutum, ba a wanke ba. Ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin bedin tsakar makaranta, wato bishiyar dogon yaro, ya juye, ya miƙa wa ƴar Belbeji reza. Mu ƴan mata muka toshe hanci muka ja baya. Ita kuwa ta naɗe hannun riga ta durƙusa kamar a gidansu. Ta tsaga tumbi ta nuna ciyawar da ba ta gama narkewa ba, ta nuna ɗan sashen mai kama da saƙar zuma, da mai shafi-shafi, da na ƙarshe mai santsi, tana kiran kowane da sunan da uwarta ke kiransa. Ta ce in dabba ta ci leda nan take maƙalewa, ta sha gani. Mushe na tsaye a bayanta riƙe da alli da guntun allo, duk abin da ta faɗa ya rubuta sunansa na Faransanci. Har aka buga ƙarfen tashi ba wanda ya motsa. Rannan na tafi gida ina jin haushi.

Na kai ƙarar Mushe wajen Gwaggo. Na ce wata guda ke nan ko shafi biyar ba mu cika ba, kuma jarrabawa ba ta san bokiti ba. Da yake kullum da safe nan yake tsayawa ya sayi ƙosai, washegari ta tare shi, ina zaune a gefe ina zuba kunu.

"Mushe, an ce kai ba ka ba yara karatu. Ubanta bai rabo ta da gida don ta kalli hanjin akuya ba."

Ya jingina keken ya yi murmushi. "Hajiya, ƙosan nan naki da ba na iya wucewa, a kaye aka rubuta miki shi?"

"Wane kaye? Uwata ce ta zaunar da ni gaban kasko. Na ƙona ya fi a ƙirga."

"Da ta hana ki taɓa ludayi, ta ce ki haddace yadda ake yi fa?"

Gwaggo ta ci gaba da juya ƙosai.

Ya ce, "Rubutun za su yi shi, kada ki damu, ni ma ina tsoron direkta, shugaban makaranta. Amma ina son su fara gani tukuna. Yaran nan ba da kai wofi suka zo mini ba. Kowane ya taho da abin da ya gani a gona ko a bakin rijiya ko a bayan garke, sai mu ce ya ajiye shi a ƙofar aji kamar takalmi. Ni in na yi ta magana su suna rubutu, ni kaɗai ke yin kimiyya a ɗakin."

Ta ƙara masa ƙosai biyu gyara. Da ya tafi ta ce mini mutumin nan yana da baki, amma dai in ci gaba da haddata don ba a sani ba.

Bayan an gama girbi ya ba mu aiki. Kowa ya je gida ya nemo wani abu da manya ke yi wanda ba su taɓa faɗin dalilinsa ba, ya gwada ya gani ko yana aiki. Na je ƙauye na tarar da Kaka tana gauraya wakenta na iri da toka tana zubawa a tulu. Na tambaye ta, ta ce maganin ƙwari ne, haka ta taso ta gani. Ta ɗebo mini ƴan tafi daga wanda ba ta gauraya ba.

Mushe ya tambaye ni yadda zan gwada. Na ce zan sa toka in gani. Ya ce in waken bai lalace ba, ta yaya zan san tokar ce ta hana? Sai da na kwana biyu kafin na dawo na ce sai in ajiye wani ba toka. Daga nan na ƙara da rairayi da ganyen bedi, don na ji wasu na yi da su. Na samu gwangwanayen tumatir uku, na zuba wake da toka a ɗaya, da rairayi a ɗaya, da bedi a ɗaya, na ɗaure bakinsu da tsumma. Na huɗun ban samu irinsu ba, sai na ɗauki wani ƙaramin gwangwanin madara na Gwaggo, na cika shi da zallan wake har baki, na danna murfinsa. Na jera su ƙarƙashin gado. A kaye na rubuta abin da nake zato: na toka zai tsira, na huɗu zai zama gari.

Wata biyu da rabi ban taɓa su ba. Da safen ranar da zan nuna wa aji na jawo su na buɗe. Na toka lafiya lau. Na rairayi da ƴan huji kaɗan. Na bedi ƙwari sun yi masa ɓarna sosai. Na ɓamɓare murfin na huɗu da cokali, ina kau da fuska don kada ƙwari su taso mini, sai na ga wake fes, yadda na zuba shi. Na juye a faifai. Can ƙasa akwai ƴan ƙwari, duk matattu.

Hankalina ya tashi. A ganina na ɓata aikin ke nan, kuma yau zan tsaya gaban aji in ce abin da na rubuta ba daidai ba ne. Ban taɓa ba da amsar da ba daidai ba a gaban mutane. A bakin murhu akwai ƙwaryar da Gwaggo ke tara hudajjen waken da ta tsince don kaji. Na ƙulle mai kyan a bakin tsohon kallabi na cusa ƙarƙashin katifa, na cika gwangwanin da na kaji, na kama hanya.

Bayanina ya yi kyau. Faransanci na zuba kamar ana karanta littafi, na ɗaga gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya, na rufe da cewa gwaji ya tabbatar da zato. Aka tafa mini. Mushe ya taso ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga kowane gwangwani ya jera a tafinsa, ya matso da su kusa da tabarau. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce ya gode, in koma in zauna.

Da aka tashi ina ƙoƙarin fita ya ce in same shi wajen kekensa. Ba kowa a wurin. Ya buɗe hannu, ƙwayoyin nan huɗu na ciki.

"Duk daga wajen Kakarki suke?"

"I, Mushe."

"Uku ƙanana ne masu baƙin hanci. Wannan babba ne, hancinsa ja. Ni dai ban taɓa jin wake ya sake iri cikin gwangwani ba. In kuwa ya yi, to mun gano babban abu, sai mu rubuta wa manya."

Ban iya ɗaga kai ba. Hawaye suka fara ɗiga kan takalmina. Ya bar ni na yi mai isata, yana gyara igiyar akwatinsa kamar ba ya gani.

"Ba duka zan yi ba, ɗiyata. Abu ɗaya nake so. Da kika buɗe, me kika gani?"

Na faɗa masa. Ya saki igiyar ya juyo gaba ɗaya.

"Ko ɗaya bai huje ba? Kuma ƙwarin sun mutu?"

"Sun mutu."

"Kina da shi har yanzu?"

Na ce yana gida. Fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa albishir. Ya ce a duk abin da aka kawo masa ran nan wannan ne ya fi daraja, shi ne kuma na ɓoye ƙarƙashin katifa. Na tambaye shi me ya kashe ƙwarin. Ya ce yana da zato, amma ba zai faɗa mini ba, don in ya faɗa haddacewa zan yi.

"Ƙaryar kuma ba ni kika yi wa ba, aji kika yi wa. Gobe ki gyara ta a gabansu. Sifiri zan ba ki a aikin yau, kuma zan ba ki dama ki sake."

Washegari na tsaya a inda na tsaya jiya, na kwance bakin kallabi a kan teburi. Faransancin ya gudu ya bar ni. Da Hausa na faɗi abin da na yi. Wasu suka yi ƙus-ƙus, wani daga baya ya yi ƴar dariya. Mushe bai ce komai a kan laifina ba, ya ce wa aji ga wake ga gwangwani, me ya faru? Wani ya ce ƙanshin madara ne ya kashe su. Wata ta ce duhu ne. Aka ce ai ƙarƙashin gado duka duhu ne. Ana cikin haka ƴar Belbeji ta taso daga bencinta ba tare da an kira ta ba, ta ɗauki gwangwanin ta danna murfin ta buɗe, ta sake dannawa.

"Sauran da tsumma kika rufe?" ta tambaye ni.

Na ce i.

"To wannan ba ya shan iska. Ƙwaro ma ai rai gare shi."

Mushe ya ce zato ne mai kyau, amma mai maganar madara ma bai faɗi ba tukuna, ta yaya za mu raba gardama? Aji ya yi ta kai da kawowa har aka tsaya a kan gwangwanin madara biyu iri ɗaya, wake iri ɗaya, a huda murfin ɗaya da ƙusa a bar ɗaya. Ya ce ni da ita za mu yi.

Haka ta fara zuwa gidanmu. Mai shayin tasha ya ba mu gwangwanaye, muka cika muka ajiye. Ba abin da za a yi musu sai jira, amma ba ta daina zuwa ba. Tana taya ni surfe, ina ja mata Faransanci, tana ba ni labarin rijiyoyin arewa masu zurfin da sai raƙumi ya yi tafiya mai nisa da igiya kafin guga ta fito. Gwaggo ta saba da ita har tana ajiye mata ƙanzon tuwo. Kafin zafi ya kankama muka kai gwangwanayen aji a rufe, a gaban kowa aka buɗe. Mai hujin ya zama gari, ƙwari na ta yawo. Ɗayan kuwa ko ƙwarzane babu. Sai a ranar Mushe ya ɗauki alli ya cika allo da darasin numfashi, muka rubuta shafi uku, kuma ban buƙaci jingina shi jikin turmi ba.

Gwaggo ta wanke wata tsohuwar jarkar mai ta shanya, ta cika ta da wake ta toshe bakin da leda. Kaka kuwa da na kai mata labari ta saurara har ƙarshe, ta ce tokarta ba ta taɓa cin amanarta ba. Na faɗa wa Mushe ina jiran ya ce tsufa ne. Ya ce ai gwangwanina na farko ya nuna tana da gaskiya, in bar ta da abinta.

A wannan zangon ta uku na zo. Baba ya juya takardar sakamakon ya sake juyawa, ya tambaya ko ciwo na yi. Na ce a'a. Ban san yadda zan yi masa bayani ba, shi ma bai matsa ba.

Shekara biyu Mushe ya yi da mu aka ɗauke shi zuwa wani gari. Ba duka malamai ne suka yi baƙin ciki ba, don wasu na ganin ya sangarta yara da tambaya. Ranar tafiyarsa aka ɗora keken a saman motar Damagaram, akwatin kuwa ya bar mana a kusurwar aji. Wanda ya gaje shi mutumin kirki ne, mai faɗa muna rubutawa. Akwatin ya zauna nan har gara ta cinye ƙasansa.

Yau ni ma malama ce, a wata ƙaramar lakwal cikin ƙasar Falanko. Ba zan ce na zama irinsa ba. Yara sun fi ƙarfin benci, manhaja na bina a guje, sau da yawa nakan tsinci kaina ina faɗa suna rubutawa. Amma ranar da na samu sarari nakan rufe littafi in fita da su bayan aji, in yi ƙoƙarin kame bakina, wanda shi ne abin da ya fi ba ni wuya.

Ƴar Belbeji ta ci jarrabawar fita kolej a karo na biyu, ta yi koyon aikin lafiyar dabbobi, ta koma cikin danginta. Bara ta aurar da ɗiyarta ta fari, na je mata. Bayan an watse daga ɗaurin aure muna zaune a inuwar rumfa, ta ce wani ɗan ajinmu ya samo mata lambar Mushe. Muka yi ta tura wa juna wayar, daga ƙarshe ita ta kira ta sa a fili.

Wata jikarsa ce ta ɗauka ta kai masa. Muryar ta tsufa, amma Hausar na nan yadda take. Ya ce ya ajiye aiki tuni, yana ƙauyensu, idanun sun yi rauni har ba ya iya karatu. Muka faɗi ko mu su wane ne. Ya ce mu yafe masa, yara sun yi yawa, amma ya tuna Tanut, ya tuna bedin nan na tsakar makaranta. Ya tambayi damina a yankinmu na Damargu, ya tambayi ƴaƴanmu. Da ya ji aikin ƙawata sai muryarsa ta canja, ya ce yawwa, dama yana neman wanda zai tambaya. Zabinsa ne ke ta mutuwa suna ƙanana da zarar ruwa ya sauka, ya raba su gida biyu yana gwada wani abu, amma bai gane ba tukuna. Ta gyara zama ta fara yi masa tambayoyi, ina suke kwana, me yake ba su, yana amsawa ɗaya bayan ɗaya da "to, Malama". Suna tsakiyar haka layin ya yanke. Muka sake kira sau uku bai shiga ba.

Ta ajiye wayar a kan tabarma ta ce gobe za ta hau tudun bayan kasuwa, can ya fi kamawa. Sai ga wata tsohuwa daga dangin ango ta leƙo tana neman uwar amarya, wai an rasa inda aka ajiye manyan tukwane. Ta miƙe ta gyara lulluɓinta, ni ma na tashi na bi ta.